Tatsuniyar da Kaka Ta Hana wa Ƙurunƙus

Ina yaro, Sabo bukkoki ne da rumfunan goro a gefen Badun. Bayan magariba mukan kewaye murhun Kaka, tana tsince goron da ƙwaro ya ci, tana mitar ruwan saman Kurmi. Daga Kano ta biyo kakanmu, bisa alkawarin za su koma bayan damina. Ya rasu a nan.

Kowace tatsuniya tata tana da ƙurunƙus, ban da ɗaya.

Wai wata mata ce ta iso bakin kogin Kwara za ta gida. Wani aljani mai jirgin fito ya ce ba zai haye da ita ba sai ta ci gasa. Akwai tulin goro da ake kira marowaci, wanda ba ya rabuwa daidai sai dai kowa ya ɗauki ɗaya: biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya. Ya ce, "Kawo mini tulin da ya haura goro biyu, mai rabuwa biyu daidai, amma wanda ba zan iya fasa shi ya zama marowata biyu ba."

Ta kawo takwas, ya ware uku da biyar. Ta kawo ashirin, ya ware bakwai da sha uku.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ta sake tuli."

"To, ki ce ƙurunƙus mana!"

"Kai, mai gidan banza, ta haye ne? Jeka ka samo mata."

Mun yi ta gwadawa da tsakuwa har muka gaji. Ba mu samu ba.

Da na manyanta na ba wani malamin lissafi labarin a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce masana sun daɗe ƙwarai a kan wannan tambaya. Ba wanda ya samo tulin, ba kuma wanda ya tabbatar babu shi. Amma a garin nema sun ƙero dabarun tace lambobi kamar da rariya, kuma da su aka warware wasu matsalolin da dama.

Ban san inda Kaka ta samo ta ba. Na dai san a jiran komawa ta gina ɗaki, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki. A Sabo muka binne ta. Yanzu jikokina, da Yarbanci ya fi zama a bakinsu, su ke ce mini in ce ƙurunƙus. Nakan ce ba ta haye ba tukuna.