Digiri Ashirin Ba Ta Cikin Haddarmu

Shekarar da kwaleji ta tura ni koyarwar gwaji a wata sakandaren 'yan mata a Gwaram, lissafi aka ba ni, aji biyar. Kullum da safe daga Birnin Kudu nake hawa mota, in iso hijabina ya sha ƙura, raina kuma a ɓace tun kafin in riƙe alli. Ga ajin a cike maƙil, littafi ɗaya sai yara da yawa su taru a kansa. Abin da ya fi damuna shi ne malamin da kwaleji za ta turo ya duba ni. Idan ya kayar da ni, sai in sake shekara guda cur, alhali tsararrakina duk sun gama.

Darasin da ya faɗo mini shi ne mayar da digirin kusurwa zuwa radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa da ake rubutawa da alamar lissafi mai suna pai. Na rubuta ƙa'idar a allo, na yi bayani har muryata ta dushe, yaran nan suka zuba mini ido kamar ina yi musu wani yare. Haushi ya kama ni. Sai na tuna cewa kusan kowacce a cikinsu ta yi Islamiyya, wasu ma sun sauke. Na ce to, tunda hadda ce gwanintarku, mu yi hadda.

Na jera kusurwoyin daga ƙarama zuwa babba, na ja baki, suka amsa. Talatin, pai bisa shida. Arba'in da biyar, pai bisa huɗu. Sittin, pai bisa uku. Casa'in, pai bisa biyu. Kafin mako ya zagayo sun sa mata murya irin ta tilawa, har suna rangaji a kan benci. Malaman ajin kusa suka riƙa tsokanata, wai na buɗe tsangaya a ajin lissafi. Ko a jikina, don ni dai na ga aiki yana tafiya.

Ranar da mai dubawar ya zo, ba wanda ya sanar da ni. Dattijo ne siriri, mai tabarau, ba ya fara'a kuma ba ya faɗa. Ya yi sallama, ya wuce bayan aji ya zauna.  Na ce wa yaran su karanto, suka ɗauka gaba ɗaya, tiryan-tiryan, har digiri ɗari uku da sittin, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na saci kallonsa, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ya miƙe ya ce, "Malama, ki ba ni izini in yi musu tambaya."

Ya nuna wata yarinya 'yar Fagam da ke zama a gaba, wadda ta fi kowa kai a ajin, ita ce ma take jan baki idan na gaji. Ya ce, "'Yata, ɗari da hamsin fa?"

Ta rufe ido. Leɓɓanta suka fara motsi, na gane daga talatin ta soma, tana bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman aya a tsakiyar sura.  Ina ji a raina ina cewa yi sauri mana, don Allah yi sauri. Can ta buɗe ido ta ce, "Pai biyar bisa shida."

Na sauke numfashi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To, ashirin fa?"

Ta sake rufe ido, ta bi haddar har ƙarshe, ta dawo ta sake daga farko. Sauran ma duk baki na motsi. Daga baya ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Malam, ba ta cikin karatun."

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Ya miƙo mini alli ya ce in nuna musu. Na rubuta ashirin sau pai, a raba da ɗari da tamanin, ya ba da pai bisa tara. Layi biyu kacal. Ya dubi allon, sannan ya ce a hankali, yadda yaran baya ba za su ji ba, "Ashe kin sani, Malama. Ai wannan ya kamata ki ba su."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in ce masa na ba su, ba su ɗauka ba, ya zo ya tsaya gaban wannan ajin mako guda mu ga abin da zai yi.  A ofishin shugabar makaranta ya faɗa mini cewa wannan dubawar ban haye ba, zai dawo sau ɗaya, idan ta sake faruwa shi ke nan.

Da na fito, yarinyar tana tsaye a gindin darbejiya, ba ta bi sauran yara hutun tara cin abinci ba. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "Malama, ni ce na kayar da ke ko? Wallahi duk abin da kika ba mu na haddace, ko ɗaya ban bari ba."