Injin da ya ƙi sunan Mamman

Yau na ga abin da ya hana ni cin abinci.

Ɗiyata Hadiza ta sayo tsohuwar kwamfuta a Konni, allon bugawa kuma daga tsallaken iyaka, Nijeriya. Aikin farko shi ne takardar sadakar arba'in ta ubanta, Mamman. Gobe za a raba ta nan garinmu, Dogarawa.

Munka kunna, ta yi gurnani, ta haska. Hadiza ta buga sunansa, ta tsura wa rubutun ido.

Na ce, "Karanta mini."

Ta ce, "Inna, ba ya karantuwa. Wasu haruffa ka fitowa."

Sau bakwai ta gwada. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na ga tana gogewa tana sakewa.

Munka kira Isuhu mai gyara. Ya duba, ya yi dariya. "Inna, injin nan Faransanci ya sani, allon kuwa ɗan Nijeriya ne. Ba su jituwa. Sai jibi in samo wani."

Ban yi dariya ba. Mamman ma daga can Nijeriya ya zo. Shekara arba'in yana noma nan, ana ce masa baƙo. Yau ga inji ma ya faɗa.