Tsatsar da na kankare a takobin Burma

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, a Talata Mafara. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba, amma in aka miƙo mini takobi nakan faɗi inda aka ƙera shi. Na Bakura kwarminsa uku ne, marasa zurfi. Wanda ya ratso hamada yana da hatimin jinjirin wata biyu. Har yau ina alfahari da wannan sanin, ko da yake shi ne ya kai ni ga kuskure.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo daga Maradun da takobi a naɗe cikin buhu. Mahaifinsa tsohon soja ne, ya rasu yana cewa a yaƙin Burma ya ƙwato shi hannun wani hafsan Japan. Dangi kuwa suna cewa a kasuwa ya saye shi don ya yi burga.

"Maƙeri, duba min wanga abu," in ji shi. "In tsoho ƙarya ya yi, gaya min, in san yadda zan yi da bakin mutane."

Na zare shi daga kube. Lanƙwasasshe ne, bakinsa ɗaya, ga wani layi kamar igiyar ruwa yana bin kaifin. Na ce, "Baba, wutarmu ba ta taɓa ganin ƙarfen nan ba." Na lura ɗan tsinken gora ne kawai ya riƙe ƙotar. Na buge shi, ƙota ta zame, sai ga rubutu a wutsiyar ƙarfen, baƙar tsatsa ta lulluɓe shi.

A wurinmu tsatsa abin kunya ne. Da dattijon ya bar mini takobin ya tafi, ban tambayi kowa ba, na sa magagari da mai, na goge wutsiyar har ta yi ƙyalli. Ni da wani malamin sakandare muka ɗauki hoto da waya, ya aika wa masu sanin irin waɗannan takubba. Bayan mako biyu amsa ta zo. Na Japan ne, sun ma karanta sunan maƙerin. Sai dai maƙera da yawa sun yi wannan suna, uba da ɗa da jika, kuma launin tsatsar ne ke nuna na wane zamani ne. Suka tambaya wane ne ya goge ta.

Na kwana uku ina saƙa yadda zan ce a haka ya zo. A rana ta huɗu na hau mashin zuwa Maradun, na durƙusa a zauren dattijon na faɗi abin da hannuna ya yi.

Ya ce, "To, tsohona dai bai yi ƙarya ba?"

"Bai yi ba, Baba."

"Tsatsa kau Allah ya yafe muna. Tashi mu je ka faɗi haka gaban ƙannena."

Na faɗa a gabansu, da ƙarfi, har da laifina.