Sauƙi Zuwa Hantsi

Har yau tsofaffin ɗalibansa ba sa kiransa da komai sai Malam A-miƙe. A zamanin da makaranta take makaranta, shi ne malamin motsa jiki: farin gajeren wando ya sha guga, usur a wuya, yara a jere cikin raɓa. Duk wanda ya kawo kukan ciwon wuya ko ɗaurewar cinya, maganin ɗaya ne. "A miƙe, a sunkuya, a taɓa yatsun ƙafa." Sau da yawa kuwa ciwon yakan saki. Abin da ya cuce shi ke nan.

Da ya yi ritaya, ɗaliba ɗaya ta rage masa, matarsa. Tana da ɗan lambu a bayan gida, kuma ba ta da burin da ya wuce ta taka da ƙafarta ta ba shi ruwa. Da kwatangwalonta na hagu ya soma ciwo, sai Malam ya shimfiɗa tabarma a baranda.

"Kwanta, Tsohuwa. Jijiya ce ta ɗaure."

"Malam, ciwon nan can ciki yake."

"Kowane ragon ɗalibi haka yake faɗa."

"To, a sa ni a layin ragwaye in huta."

Yakan ɗaga ƙafar a hankali, ya tura gwiwar wajen ƙirjinta, ya riƙe. Takan sami sauƙi har zuwa hantsi, ta ɗingisa ta shiga lambu. Wannan sauƙin shi Malam yake gani. Yadda take dafa bango da yamma, bai sa shi a lissafi ba.

'Yarsu ta yi magana. "Baba, a kai Mama asibiti mana."

Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake warware irin wannan."

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ran nan ya tarar da matar zaune a tsakanin shuke-shuke, bokiti a kife, ta kasa tashi.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi wajen taga. "Baba, miƙewa tana sassauta naman da ke kewaye, shi ya sa take jin daɗi. Amma ba ta kaiwa ga ƙashi, ƙashin kuwa ya cinye. Da kun zo da wuri, da an yi mata aiki. Yanzu zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Malam ya yi godiya, kamar yadda aka koya masa.

Yanzu shi ke ba lambun ruwa, ganyen kuma sai rawaya yake yi. Ita tana kallo daga keken marasa lafiya. Kullum da safe takan ce, "Malam, yau babu darasi?"

"Ba ya magani, Tsohuwa."

"Na sani. Zuwa hantsi dai."

Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama ƙafar da hannu biyu.