Ƙofar Garejin Yaya Lyle

Shekara talatin da huɗu yayana Lyle Tregenza ya yi yana ɗaure sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin ƙofofin gareji, a arewacin birnin Adelaide. Aikin ya cinye masa yatsun hannun dama, yanzu ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. Wa'azinsa ɗaya ne, kuma duk layinmu an haddace shi: in sifirin ya tsinke, kada kowa ya taɓa ƙofar, a kira mai aikin. Ya ga wanda sandar ɗaure sifirin ta fasa wa haƙora, ya ga wanda ƙofa ta sauko wa a ƙafa. Babu gidan da bai gyara wa ƙofa ba a layin nan, ranar hutunsa, a ba shi katan ɗin giya a ce an gode.

Matarsa Merle tana gidan kula da tsofaffi tun da mantuwa ta kama ta. Ba ta cin abinci sai daga hannunsa. Kullum sha biyu saura kwata yake fitar da mota, ya je ya zauna ya ba ta a baki.

Wata Asabar a watan Janairu, tsakiyar bazararmu a ƙasar nan, ana zafi kamar bakin murhu, ina kicin ɗinsa na ji ƙara kamar an harba bindiga. Sifirin ɗinsa ne ya tsinke, mota tana ciki, agogo ya ce sha ɗaya da rabi. Ƙofar da sifirin ya saki ta fi kilo ɗari, amma maza biyu za su iya ɗaga ta a tokare. Lyle, wanda bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, ya tsallaka titi wajen maƙwabcinsa Trevor Hocking da ke yankan ciyawa.

"Mutumina, zo ka kama mini ƙofar nan, minti biyu. Ka kira Col mu zama uku."

Trevor ya kashe injin, ya share gumi. "Haba, tsoho! Kai fa ka ce kada mu taɓa. So kake ta guntule mini ƙafa? Kira kamfani mana."

"Ni ne kamfanin, Trevor. Ina tsaye a nan."

"A da kenan, mutumina," in ji shi, har da dariya.

Col, ɗaya maƙwabcin, shi ma daga bayan shinge ya maimaita masa wa'azin nasa, bai rage ko kalma ba. Na ce, "Yaya, matsa, ni zan kama." Ya dubi hannuwana ya ce, "Noreen, bari kawai." Muka kira tasi, ta zo ƙarfe ɗaya da kwata.

Kafin mu isa an kwashe kwanuka, Merle ko taɓa nata ba ta yi ba. Ta juya fuska bango ta ce, "Yau ba ka zo ba." Matar da ta manta sunana, ta manta sunan ɗanta, wannan ne ba ta manta ba. Kwana uku ta ƙi buɗe masa baki, yana riƙe da cokali yana lallashi. Ban taɓa jin haushin mutane kamar na Trevor da Col ba, kuma har yau ban huce ba.

Bayan wata biyu sifirin ɗin Trevor ya tsinke, da jirgin kamun kifinsa a cikin gareji. Ina gidan Yaya sai ga shi a ƙofa da katan ɗin giya a kafaɗa.

"Tsoho, kamfani sun ce sai Talata. Ka zo ka nuna mini kawai, ni zan yi."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Lyle ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauko sandunan ɗaurinsa biyu ya bi shi, don ya san in bai je ba Trevor da sukuddireba zai yi, ya ji wa kansa ciwo. Ta taga nake kallonsu: Lyle a gefe yana ƙirga juyi da ƙarfi, Trevor a kan tsani yana murɗawa. Babu abin da ke damun hannuwan Trevor.