Furannin Ɗakin Rabi

A gidanmu na Magarya, in ka ga kakarmu Inna Ige ta sa an hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha'i, to biki ya matso. Sana'arta furannin ƙyalle ne na jeren ɗakin amarya. Takan yayyanka ƙyalle ƙanana, ta tsoma a ruwan dafaffiyar shinkafa don ya yi tauri, mu jikoki mu jera a faifai kusa da wuta. In sun bushe sai ta tattare su da zare a kan sillen kara, su fito dunƙule kamar furen albasa. Ladanmu tatsuniya ce. Wanda kuwa ya bari ƙyalle ya ƙone, ladansa ranƙwashi, kuma ni na fi kowa shan sa.

Inna tana da ƙa'ida guda da ba ta sassautawa: ba ta yi wa amarya fure da sabon yadi, sai an yanko daga zanen da uwar amarya ta taɓa ɗaurawa. A nan aka sami cikas da auren Rabi, 'yar kawuna. Uwar Rabi ta rasu tun tana goye, Inna ce ta raine ta, kuma abin da ya rage mata na uwarta zane ɗaya ne, fari mai ɗigon shuɗi, yana ƙasan akwatinta. Goronyo za a kai ta, ranar jere ta ƙarato, Rabi ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai sa wa zanen nan almakashi.

Inna ba ta yi musu da ita ba, ita dai ba a kayar da ita da gardama, kuma ba ta kayar da mutum da faɗa. Da muka zauna a bakin wuta sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, mai kunne shi matso."

Wai wata mata ce ta rasu ta bar wa 'ya'yanta mata biyu irin albasa, kowa ƙulli guda. Babbar ta ɗaure nata a bakin zane, kullum ta kwance ta shinshina ta tuna da uwa. Ƙaramar ta kai nata fadama ta watsa, ta dawo tana kuka saboda laka ta haɗiye shi, ga hannu wayam. Yayar ta dinga yi mata gori. Amma yarinya ta daure da ban ruwa, ta dasa, ta bar wasu kawuna suka yi fure, ta sake samun iri.

"Ku ɗiyan ƙasar Wurno ne," in ji Inna, "mi ka samun irin albasa in ya daɗe aje?"

Muka ce mutuwa yake yi.

"To haka na babbar yay yi. Ran da tat tahi shukawa, ko tsiro guda. Taz zo gonar ƙanwa tana kuka, ƙanwa tac ce, bar kuka Yaya, ga Innarmu nan hili guda, ɗebi abin da kika so. Ƙurunƙus, ku juya mani hwaihwan nan."

Ba wanda ya dubi Rabi. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito rungume da zanen, ta ajiye a cinyar Inna.

"Inna, ki rage mani ko bakinai."

"Ina rage miki, ɗiyata."

Furannin da suka fito daga zanen nan ban taɓa ganin irinsu ba. Matan da suka raka amarya sun ce Rabi na shiga ɗakin ta tsaya tana kallon bango, ta daɗe ba ta zauna ba.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwa ta raba yarinya da zane. Ni na gaji sana'ar, ko da yake yanzu da ribon da gam nake yi, kuma amare da yawa ba su damu da tsohon ƙyalle ba. Sai bara da na aurar da 'yata ta fari zuwa Rabah, na zauna yanka zanena, na ɗauki almakashi na sake ajiyewa. A nan na gane ashe ba Rabi kaɗai Inna ke lallashi ba. Rabi zane za ta bayar, Inna kuwa yarinyar da ta goya ta tauna wa abinci za ta bayar, kuma ba ta da wata kaka da za ta zaunar da ita ta ba ta haƙuri. Sai ta yi wa kanta tatsuniya a gabanmu, mu muna can muna juya faifai. Allah ya jiƙan Inna, da na sani a lokacin da na matsa kusa da ita.