Mai Gyaran Inji da Sakamakon Zaɓe

Kawuna Tarsisio bai taɓa halartar taron siyasa ba. Tun ina yarinya na san shi a gindin kwakwa ɗaya, hannu baƙi ƙirin da mai, yana kwance injin kwale-kwale yana ɗaurawa. Kaf tsibirinmu babu injin da bai san cikinsa ba. Magana kuwa sai ka roƙa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa ɗa guda, Ansito, wanda shi ma har ya yi iyali.

Bana da zaɓen majalisar tarayya ya zo, ɗan takarar danginmu ya aiko da fetur. Aka ce Ansito ya tsallaka tsibirin da ke kudu da mu, ya kwaso 'yan'uwa su zo su jefa ƙuri'a. Kawu ne ya duba injin da kansa, ya ce lafiya lau. Ansito ya tashi da sassafe shi kaɗai. Har aka rufe akwati bai dawo ba, can ma suka ce ba su gan shi ba.

Oba-oba ɗaya gare mu na magana da sauran tsibirai, a ɗakin shan magani. Washegari Kawu ya je ya zauna a ƙofa, ni ina gefensa. Daga Weno, babban birninmu, ake ta karanto sakamakon jiharmu ta Chuuk, mazaɓa bayan mazaɓa, akwati bayan akwati. Da mai kula da na'urar ya sa baki da zancen kwale-kwalen, sai a ce masa an ji, a dakata tukuna, layi ya cika. Kawu bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Na kai masa gwaza da kifi, ya riƙe kwanon har ya huce.

Ni ce na kasa haƙuri. Na sami Kerat, wakilin ɗan takarar, na ce, "Ragowar fetur ɗin nan fa? A fita nema mana!"

"Haba ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ansito kifi ne, ruwa ba ya cin sa. Bari a gama ƙirga namu."

"Ƙirgar ce za ta jawo shi gaɓa? Allah wadaran naka ya lalace!"

Ya yi dariya ya wuce. Na tsane shi a ranar, har yau ban daina ba.

Da la'asar aka karanto mazaɓarmu. Namu ya ci. Mata suka ɓarke da guɗa, ana dukan tukwane. Kawu ya ɗago kai ya tambaye ni, "Sun ce wani abu?" Na ce mun ci ne. Ya ce, "To."

Can sai ga Kerat da samari sun ciccibo inji a kafaɗa.

"Baba, taimaka, ya ƙi tashi, ga shi muna sauri."

Kawu ya miƙe a karon farko tun safe. Bai tambayi inda za su ba, ni ma tsoro ya hana ni tambaya. Ya buɗe, ya hura, ya goge, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Ya bi su har bakin ruwa, ya taya su ɗaura shi, ya nuna musu kudu da hannu, inda igiyar ruwa kan ja jirgi idan injinsa ya mutu.

Suka loda fetur, suka loda alade guda da buhunan shinkafa. Suka juya arewa, gidan ɗan majalisa, wurin walima.

Kawu ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, hannunsa bai sauko ba.